Sun Binne Ka Tun a Majigi, Illo

Mu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kofur Illo, tsohon soja mai wankan gawa a Yelwa, bayan ciwon ƙirji da ya daɗe yana cin sa. Ni Shu'aibu, abokinsa na bariki, ni na rufe masa ido. Raina a ɓace nake wannan rubutu, kuma ba zan ɓoye ba.

Illo, a kurtu muka haɗu farkon yaƙin basasa, lokacin da ruwan Kainji ke shirin cinye gungunku na tsakiyar kogi, ana kwashe mutanenku zuwa sabon ƙauye a ƙasar Shanga. Limamin sojanmu ya ga ana turbuɗe samari a daji ba wanka ba salla, sai ya sa aka shirya majigi na koya wa soja yadda ake suturta mamaci. Aka nemi wanda zai kwanta a matsayin gawa, kowa ya noƙe. Kai ka yi dariya ka ce, "Malam, in dai wani zai samu sutura dalilina, ga ni." Aka wanke ka, aka naɗe ka a likkafani, ina cikin masu ɗaukar makara. Da aka gama ka fito daga ramin kana karkaɗe ƙasa, kana tambaya ko an rage maka tuwo.

Muna bakin daga aka kawo majigin nan Yelwa don sababbin kurata, aka kafa farin ƙyalle a fili ranar kasuwa. Mutanenku da suka kawo albasa suka tsaya kallo, ba su taɓa ganin majigi ba. Mahaifiyarka, Inna Dudu, ta ga fuskarka, ta ga an sa ka a rami, ta yanke jiki ta faɗi. Wa zai ga laifinta? Ba wanda ya ce musu koyarwa ce. Aka yi zaman makoki har da sadakar arba'in. Matarka Rahamatu ta fita takaba, ƙanenka Gidaɗo ya aure ta, ya haɗa da gonar da aka yanka maka a sabon ƙauye.

Wannan kuskure ne, Allah na yafe kuskure. Abin da ya biyo baya ganganci ne. Da yaƙi ya ƙare na raka ka gida, kana riƙe da turmin zane na Inna. Gidaɗo ya tare ƙofa ya ce, "Mu mun rufe namu. Wanga ban san shi ba." Ƙarya yake, wallahi! Tabon da ke goshinka shi ya yi maka da lauje kuna yara. Ya dai san in kana da rai, aurensa ya shiga magana, gona kuma ta koma ga mai ita. Aka fito da Inna. Ta daɗe tana kallonka, ta dubi jikanta da Rahamatu ta haifa wa Gidaɗo, goye a bayan uwarsa, sannan ta ce, "Da idona nig ga anka sa ɗana kushewa." Ko ruwa ba su ba mu ba.

Na ce mu tafi gaban alƙali. Ka ce, "Shu'aibu, in na ci shari'a, mi za a kira yaron ga?" Ka ajiye zanen a bakin ƙofa muka juya.

A Yelwa ka zauna, ana kiranka Fatalwa, kana amsawa. Duk gawar da masunta suka tsamo daga tafki, ta kumbura kowa na toshe hanci, kai ake aika wa. Ba ka taɓa tambayar ko ɗan wane ne ba. Kuma ba ka wanke gawa sai ka ɗumama ruwa. Da na yi maka tsiya ka ce kai kaɗai ka san sanyin ruwan nan a jikin wanda ba shi da bakin magana. Kowace ranar kasuwa kana tsaye nesa da 'yan albasa don ka hango Inna, ita kuwa ta kau da kai.

Da ciwo ya tsananta abu ɗaya ka roƙa: Inna ta zo ta kira sunanka, ko sau ɗaya. Na tafi na same ta tana shanya albasa, na durƙusa na faɗa mata. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kukan Illo na yi shi tun shekarar da ruwa ya ci gungu. Ba ni da wani." Na dawo na shigo wurinka. Ka dubi bayana ka ga ba kowa, ka juya fuskarka bango.

Na ɗumama ruwa na wanke ka yadda majigi ya koya mana. Masunta suka cika sahu, daga gidanku ko mutum ɗaya bai zo ba.

Allah ya jiƙan ka, Illo, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya sa suturar da ka yi wa bayinsa ta zame maka inuwa. Amin. Ina yi wa masuntan Yelwa ta'aziyya, su suka yi rashi. Inna Dudu, Rahamatu, Allah ya ba ku haƙuri, ko da yake kun ce kun karɓi gaisuwa tuntuni. Kai kuwa Gidaɗo, yi nomanka hankali kwance. Wannan karon ba zai fito ya karkaɗe ƙasa ba.