Jinin da Ya Dawo wa Ƙanwata

Ku matso, mata, ku ba ni aron kunnuwanku. Mai daka ta jingine taɓarya, mai goyo ta gyara majanyi. Wannan ba tatsuniya ba ce, tafiya ce da na yi da ƙafata a daminar nan. Ni ban yi boko ba, waya aka kanga mini a baki aka ce in faɗa a rubuta, to ga shi ina faɗa.

Mun tashi da asuba daga Kagarko, mu uku: ni, da ƙanwata da muka sha nono ɗaya muke kuma zaune gida ɗaya, da maƙwabciyarmu manomiyar citta, Kirista ce, katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Ita ta kawo labarin daga zumuntar matan cocinsu, wai wasu likitoci masu bincike sun sauka a Kafanchan, suna neman matan da jinin al'ada ya ɗauke musu, su duba abin da tsufa ke yi a jikinmu. Ni abin da ya tashe ni zafin nan ne da ke taso mini daga ƙirji ya jiƙa ni sharkaf ko ana ruwan sama. Maƙwabciya ƙugu ke damunta. Ƙanwata kuwa ta ce gwiwa.

Gwiwa ta ce, amma ni na san akwai wani abu. Jininta ya ɗauke da daɗewa, har ta aurar da autarta. Kwatsam sai ga shi ya dawo, kaɗan-kaɗan, ya zo ya tafi. Ta aika aka tambayi malamin unguwa, ba a faɗi sunanta ba. Malam ya ce mace mai irin waɗannan shekaru, mata ake tambaya, su suka san jini. Aka tambayi manyan matan gida. Suka yi shewa, suka ce al'ada ce ta waiwayo, wata har da cewa a nemo lalle Hajiya ta koma budurwa. Tun daga ranar, duk sa'ad da ta ga jini sai ta naɗe dardumarta ta ajiye salla. Azumi biyu ta sha ana yi mata dariya. Da dariyar ta ishe ta sai ta daina gaya wa kowa, ta kuma sa ni na yi mata alkawarin rufe baki.

Motar da muka samu irin ƙananan nan ce da ake cusa mutum huɗu a baya. Kuɗin mota ya tashi har sai da na tambayi direba ko Makka zai kai mu. Ya ce, "Mama, ki tambayi mai sayar da fetur." Hanya kuwa ramuka ne aka ɗan yayyafa musu kwalta. Duk inda muka ci karo da shingen jami'an tsaro sai direba ya rage gudu ya yi gaisuwa, duk inda daji ya yi duhu sai mota ta yi tsit, kowa na karanta abin da ya iya, mu namu, maƙwabciya nata.

Ƙasar nan tana da kyau, Allah Ya sani. Duwatsu sun sha kore, masara ta fi mutum tsawo, mata na tafe a gefen hanya da itace a kafaɗa, wasu sun girme ni. Amma mun wuce ƙauyukan da rufin ɗakunansu ya ƙone ba a sake rufawa ba, ciyawa ta fito ta taga. Bayan Kwoi muka shiga gonakin citta, na ce masha Allah, bana ta yi. Maƙwabciya ta girgiza kai ta ce da irin Hausarsu, "Mama, kar ka duba ganye. Ciwon citta daga ƙasa yana farawa. Ranar da ganye ya nuna, ƙasa ya riga ya gama." Na saci kallon ƙanwata. Tana kallon waje, hannunta dafe da mara.

Muka tsaya aka sayi masara gasasshiya da gyaɗa dafaffiya. Ni da maƙwabciya muka ci da sauran haƙoran da suka rage mana. Ƙanwata ta ɗan gatsa ta naɗe a bakin gyale.

Rana ta ɗaga muka shiga Kafanchan. Rabona da garin tun jirgin ƙasa na kuka a tasha ana sauke buhuna. Yanzu tarago ya yi tsatsa, awaki ke kwana a ƙarƙashinsa. 'Yan acaba suka kai mu wani zaure a bayan asibiti, muka tarar da tsofaffi cike da bencina, masu hijabi da masu ɗaurin zumunta, kowa na fifita da abin da ta samu. Wata ta ce ashe duk wuta ɗaya ke gasa mu. Aka yi dariya, dariyar da ba ta daɗe ba.

Wata likita ta fito, yarinya ce ƙarama, ta ce ita 'yar Madakiya ce, ta durƙusa ta gaishe mu. Ta ce jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, sun fi ƙwayar acca ƙanƙanta nesa, ido ba ya ganinsu, kowace da ranta da aikinta. Ta ce muddin mace na al'ada akwai wani sinadari da ƙwan haihuwarta ke aikawa cikin jini, shi ke lallashin ƙwayoyin nan su riƙe ƙashi, su daidaita zafin jiki. Idan al'ada ta ɗauke sai saƙon ya ragu, ƙashi ya soma zama kamar kara, zafi ya riƙa tasowa. Abin da suke son sani, yadda ƙwayoyin matanmu na nan ke tsufa, mu masu noma da ɗaukar kaya. Ba ta ɓoye mana ba, ta ce bincike ne, ba rabon magani ba, amfaninsa wataƙila sai kan jikokinmu. Wasu mata suka tsuke baki, ɗaya ta ɗauki jakarta ta fita.

Aka ɗebi jinina. Aka goga wani tsinke mai auduga a cikin kumatuna, aka shafa a gilashi, ta ce in leƙa madubin likita. Na leƙa. Na ga wasu abubuwa shimfiɗe kamar ɓawon albasa, kowanne da ɗigo a tsakiya. Ta ce, "Ke ce nan, Mama." Na ce Allahu Akbar. Na haifi 'ya'ya, na binne wasu, ban taɓa sanin da irin wannan aka yi ni ba.

Da aka kira ƙanwata ta ce ba ta shiga ita kaɗai, na bi ta bayan labule. Likita ta tambaye ta shekarun da jini ya ɗauke, ta faɗa. Ta ce, "Tun daga nan kin sake ganin ko ɗigo?"

Ƙanwata ta ce, "A'a."

Mata, kun san nauyin alkawari. Kun kuma san kunyar tsohuwa a gaban sa'ar 'yar cikinta. Na dubi hannun da ke dafe da mara, na dubi wuyanta da ya rame har sarƙa ta yi masa yawa. Idan na yi shiru za a ɗebi jininta a sallame mu, mu koma gida da abin da muka zo da shi. Idan na yi magana, wataƙila na rasa ƙanwa tana raye.

Na ce, "'Yata, tana gani. Damina biyu ke nan."

Ƙanwata ta juyo ta ce, "Yaya, haka muka yi da ke?"

Likita ta ajiye abin rubutunta. Ba ta yi dariya ba, ba ta ce a nemo lalle ba. Ta kama hannun ƙanwata ta ce jinin da ya dawo bayan ya ɗauke ba al'ada ba ne, ƙwan haihuwa ya riga ya rufe aikinsa. Wani lokaci abu ne mai sauƙi, fatar ciki ce ta yi siriri. Wani lokaci kuma ƙwayoyin mahaifa ne suka daina jin magana, suke ta hayayyafa ba tsayawa. Ba za a sani ba sai an ɗebo an duba a babban asibiti, kuma kada mu bari a shiga wani makon. Ta sake tambaya, "Damina biyu?" Na ce biyu. Likita ta sunkuyar da kai.

Na ɗauka ƙanwata za ta tambayi ko za ta warke. Sai ta ce, "To sallolin da na ajiye fa?"

Likita ta ce, "Mama, wannan na malamanku ne. Ni abin da na sani, jinin ciwo ne."

Muka fito. Maƙwabciya ta ja mu rumfar wata mai gwaten acca da yakuwa, yana ta tururi, ba wadda ta gama kwanonta. A hanyar dawowa ruwa ya tsuge, mota na tafiya kamar jirgin kwale-kwale, ƙanwata ta matse jikin ƙofa don kada kafaɗarta ta taɓa tawa. Da muka tsaya la'asar a gefen hanya ta ari buta, ta yi alwala, ta shimfiɗa gyalenta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta ta da salla, alhali na san a ranar ma tana gani. Muka iso Kagarko ana kiran magariba, ta wuce ɗakinta ba ta waiwaye ni ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini guda ne. Ana cewa a tambayi mata, kuma za a ci gaba da tambayarmu. To duk wadda aka kawo mata irin wannan magana, kada ta yi shewa, ta ce a tafi asibiti gobe.

Ga yadda aka ƙare. Maƙwabciya an ce mata ƙashinta ya yi laushi, ta daina ɗaukar buhun citta. Jiya na gan ta da buhu a kafaɗa, ta ce wa zai ɗauka mata. Ni jinina yana can cikin firjin mutanen da ba zan sake gani ba, zafin kuma yana nan yana tasowa. Matan da suka yi shewa sun zo dubiya ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta iya haɗa ido da mai jinya. Ƙanwata 'ya'yanta sun kai ta babban asibiti, aka ce dajin mahaifa ne, aka cire, aka ce da an zo tun daminar farko da magana ta fi sauƙi. Tana ɗakinta yanzu, tana salla a zaune, kowace salla ta bi ta da ramuwa. Har yau ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Amma idan lokacin alwala ya yi, duk cikar gidan nan, ni take kira in riƙe mata buta.