Tukkun Abarshi

Har yau in na tuna almakashin madam ɗin nan sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Shekaru sun ja, yaron ma ya yi gemu, amma ni ban huce ba, kuma ban ga ranar hucewa ba. Sai dai kafin in kai ku lakwal ɗin, wato makarantar boko, bari in fara kai ku bakin wutar kakata, don can maganar ta samo asali.

Kaka Hajo ita ta haifi babana. Gidanmu na Madarunfa ba shi da nisa da tabki, in ɗari ya shigo kuwa, sanyin ruwan nan har ƙashi yake ratsawa. Da an idar da sallar isha'i sai ta sa a tara mata kara a ƙofar ɗakinta, ta hura wuta, ta turbuɗa gujiya cikin toka. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwanshi don ya samu gefen zanenta. Tsohuwar nan ba ta da haƙuri ko na anini. In ka yi gyangyaɗi ta zungure ka da kara. In ka katse ta ta ce, "To malam, amshi bakin ka ƙarasa mana." Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu amsa, "A shimfiɗa mata tabarma!"

Cikin baƙin da ta sha shigo mana da su, wadda ta zauna mini ita ce ta Zabuwa da Balbela. Wai Balbela ce ta buɗe makaranta a bakin tabki, tana koya wa ɗiyan tsuntsaye kamun fara da gane inuwar shaho tun tana nesa. Zabuwa ɗa guda ya rage mata, sauran duk shaho ya kwashe. Ta ce wanga kam ba zai tashi da duhun kai ba, ta riƙo shi ta kai. Balbela ta dubi farin jikinta, ta dubi ɗigo-ɗigon da ke jikin yaro, ta ce, "Wagga wace irin dauɗa ce?" Ta dirje shi da toka, zane bai fita ba. Ta dirje shi da yashi, bai fita ba. Sai ta sa baki ta fara figa, ta faro daga ka. Da yamma yaro ya koma gida kai tal, yana makyarkyata. Zabuwa ta dube shi, ba ta ce uffan ba, ta tasa shi gaba suka faɗa daji. Shi ya sa har gobe kan zabo ba gashi, kuma ba ya yarda da kowa.

Nan Kaka ke tsayawa ta tona gujiyarta, ta ce, "To, wa ya fi ba ku haushi?"

Mu haɗa baki, "Balbela!"

Sai ta ja tsaki. "Balbela kam Allah ya isa. Amma ni Zabuwa ta fi ƙona mini rai. Baki gare ta, in ta hangi maciji duk gari sai ya ji. Ranar da aka fige mata ɗa sai ta rasa abin faɗi? Ɗanta ya rasa gashi, ya kuma rasa karatu. Balbela na nan da makarantarta, gobe ta fige ɗan wata." Daga nan ta kaɗe zane ta ce baƙuwa ta naɗe tabarmarta, kowa ya nemi makwanci. Mu dai dariya muke, don yadda take kwaikwayon tafiyar Balbela da wuyanta.

Na girma, aka yi mini aure nan cikin gari. Na haifi uku, ƙasa ta amshe uku. Na fari ƙyanda ta ɗauke shi yana tsaka da koyon tafiya, ta biyu wajen yaye, na uku ko arba'in bai cika ba. Mata suka fara ce mini mai wabi, wasu a bayan idona, wasu ma a gabana. Da na haifi na huɗu, Kaka Hajo ta tsufa tukuf, idonta ya kusa tafiya, amma ranar suna ta dogaro sandarta ta zo ta zauna kusa da wanzami. Ta ce mishi, "Aske duka, ka bar mini tukku a tsakiya." Ta laluba kan jaririn ta ce, "Wanga Abarshi ne. Tukkun nan kada aska ta hau shi sai ya yi famfara, haƙoran nono sun zube."

Maigidana direba ne a hanyar Jibiya, mai son kaset ɗin wa'azi. Ya ce, "Kaka, ai Allah ne mai rayawa, ba gashi ba."

Ta ce, "Yaro, tun ba a haifi ubanka ba na san haka. Ban ce gashi ke riƙe rai ba. Uwar nan ce ke buƙatar abin da za ta riƙa shafawa."

Da tukkun ya yi tsawo, ita da kanta ta kitse shi da man shanu, ta ɗaura mishi farin wuri guda, irin na kuɗin da, daga cikin tsofaffin kayan adonta. Tana kiran yaron angonta, shi kuma yana ja mata sanda. Ba ta ga shigarshi lakwal ba, ta riga mu gidan gaskiya. Kowace safiya in na yi mishi wanka sai in shafa tukkun nan, in ji wurin ya taɓa tafin hannuna, in ce Alhamdulillahi, yau ma yana nan.

A shekarun casa'in ne, lokacin da ma'aikata ke yin wata da watanni ba albashi, aka buɗe ajin ƙananan yara a garinmu, wanda ake ce wa jardan. Yawanci ɗiyan ma'aikata ake kaiwa. Ni kifin tabki nake soyawa a bakin tasha, amma na ce ɗana ma ba daga sama ya faɗo ba. Na kai wa tela yadi ya ɗinka mishi ƴar rigar lakwal, na saya mishi takalmin roba. Ranar farko ya ƙanƙame ƙafata yana ihu, ni kuwa ina ta "haba namiji, haba namiji", alhali nawa hawayen sun fi nashi yawa. Kafin in juya na ce wa malamarsu, wata matashiya daga Maraɗi, "Madam, ga tukku nan a kanshi, na alkawari ne, don Allah a kula." Ta ce "wi, wi," da Faransanci, idonta na wani wuri. Ranar kifi biyu na ƙona.

Ba a jima ba yaro ya saba. Tun ban gama dama koko ba ya sa rigarshi yana jira a zaure. Ya dawo ya tsaya tsakar gida yana rera waƙoƙin Faransanci da ba mu san kansu ba, yana ƙirga awaki da yatsa. Ubanshi da ke cewa ɓata lokaci ne, shi ne ya koma kiran abokanshi direbobi su zo su ji.

Sai wata rana ya shigo ba waƙa, hannunshi ɗaya dafe da tsakiyar kai. Na ce, "Abarshi, wa ya buge ka?" Ya sauke hannu. Wayyo Allah! Wurin tukku fili, sai guntayen gashi tsaitsaye.

Ya ce, "Inna, madam ta ce ƙazanta ce. Manyan baƙi za su zo daga Maraɗi."

Ban san lokacin da na yi waje ba, ko mayafi babu. Na isa lakwal an riga an tashi, ba kowa. Na zagaya bayan lakwal inda suke zubar da shara, na durƙusa ina tona juji da hannuna. Can na same shi, cikin ɓawon gujiya da yankakkun farce, wurin Kaka na maƙale a jiki. A juji, jama'a! Abin da na yi shekara huɗu ina shafawa da bismilla.

Da maigidana ya dawo ya ga kan yaro, duk wa'azinshi sai da idonshi ya kaɗa. Ya ce, "Shi ke nan, ya bar zuwa. Ba za a wulaƙanta mini ɗa a kan waƙa ba." Uwar maigidan ta ce dama ita ba ta ga abin da ke kai ɗan yaye lakwal ba. Ni ma na yarda. Na ninke ƴar rigar na tura ƙasan kwalla. Abarshi na tsaye yana kallo, ya ce, "Inna, gobe ba ni zuwa?" Na ce a'a. Ya zauna bakin murhu yana kuka a hankali, irin kukan da ba a son a ji.

Da safe ina hura wutar kifi sai ga zabin maƙwabta sun biyo ta jikin danga suna ta kwakwazo, kawunansu tal-tal. Na bi su da kallo. Wallahi sai na ji tsakin tsohuwar nan a kunnena. Na sauke kasko, na ciro rigar daga kwalla, na ce, "Tashi, sa takalminka."

Na iske madam a ofishin shugabar lakwal, wata dattijuwa mai tabarau. Na kwance bakin zane na ajiye tukkun a kan tebur. Madam ta dube shi, ta ɗan yi murmushi ta ce, "Haba baiwar Allah, gashi ne fa, zai tsiro. Mu nan tsabta muke koyarwa, ba camfi ba."

Da baƙuwar ƙasa ce da na yi mata uzuri. Bahaushiya ce kamata, da tsagar gidansu a kumatu. Na ce, "Madam, kin san me ya sa ake ce mishi Abarshi? Bari in ƙirga miki waɗanda ba a bari ba." Na ce Haruna. Na ce Balkisa. Sannan na faɗi sunan na fari. Kun dai san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Yana raye ban taɓa kira ba, ya mutu ban kira ba, ko a mafarki. Sai ranar, a gaban tebur, bakina ya sake shi.

Shugabar ta cire tabarau ta ce, "Inna lillahi." Murmushin madam ya ɗauke. Ta ce, "Ban sani ba."

Na ce, "Na faɗa miki ranar farko. Ba ki ji ba ne don mai ƙarnin kifi ce ta faɗa. To ga shi na dawo da shi. Yau yana nan, gobe yana nan, tukku kuma zai tsiro a cikin ajinki kina kallo. In baƙinki sun tambaya, ki turo su tasha, ni zan ba su amsa."

Shugabar ta ba ni haƙuri, ta ce daga ranar ba mai ƙara taɓa komai a jikin yaro sai an tambayi uwarshi. Abarshi kuwa tuni ya zare hannunshi daga nawa ya ruga wajen ƴan'uwanshi, ko waiwaye babu.

Tukku ya tsiro, na mayar mishi da wurin Kaka. Ranar da haƙorinshi na farko ya faɗi na kira wanzami, aka aske, na toya waina na raba sadaka. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan dalilin sanƙon zabo kawai take faɗi. Ashe tsohuwa horo take mana, cewa in an fige maka ɗa, ka tsaya ka yi magana, kada ka kwashe shi ka ruga daji. Na tsaya, kuma ban yi da-na-sani ba, yaron ya yi karatunshi. Abin da dai Kaka ba ta faɗa mana ba shi ne abin da maganar ke ci. Madam ta yi gaskiya, gashi ya tsiro. Amma kunyar da na riƙe wa ɗana na fari tun yana zanen goyo, a ofishin nan na zubar da ita kafin a yarda ni ma uwa ce. Sau ɗaya tak na faɗi sunan nan a duniya, kuma wadda ba ta cancanta ba ce ta ji shi. Ku ma da kuke saurarena, ku yi haƙuri, ba za ku ji shi ba.