Farin Zanen Malama Dropati

Shekara ashirin da wani abu Malama Dropati ta yi tana riƙe da aji uku a makarantar ƙauyenmu, can bayan garin Labasa a ƙasar Fiji, inda kwalta ta ƙare gonakin rake suka fara. Ni ke da rumfar abinci a bakin filin makarantar, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

'Yar mai saran rake ce. Ubanta yana cikin mawaƙan Fagua, bikin watsa launi da 'yan birni ke ce wa Holi, kuma a bayan ƙofa ta koyi waƙoƙin, don a zamanin mace ba ta zama cikin mawaƙa. Da ta zama malama sai ta mayar da makon da ke gaban bikin ya zama nata. Babu wanda ya ba ta, babu kuma wanda ya hana ta. Takan tara makarantar duka a gindin mangwaro, 'ya'yanmu na Hindu da 'ya'yan Musulmi da 'ya'yan asalin Fiji masu zuwa daga ƙauyen bakin kogi. Ta ba su labarin sarkin da ya ce shi za a bauta wa, ɗansa ya ƙi, gwaggon yaron mai asirin wuta ta rungume shi ta shiga wuta da shi, ita ta ƙone shi ya fito. Ta gaya musu cewa a ƙasar kakanninmu lokacin ne sanyi ke wucewa itatuwa su yi fure. Yara su dubi zufar da ke bin wuyansu su yi dariya, ita ma ta yi. Daga nan sai waƙa, da 'yar gangarta a cinya. Ran Juma'a a cika bokitai da ruwan launi, a zuba gari ja da kore a faranti, ƙaramin yaron makarantar ya shafa mata a goshi, sannan a saki kowa. Haka take komawa gida, ba ka gane ta sai ta yi magana.

Mijinta Ram Autar direban motar rake ne. Ana gab da rufe injin sukari na shekarar ya yanke jiki ya faɗi a gindin motarsa, kafin a kai shi asibiti ya cika. A wurinmu gidan da aka yi rasuwa ba ya taɓa launi sai shekara ta zagayo. Matar mamacin kuwa, tsofaffi suna cewa ita da launi har abada. A birni an daɗe da yar da wannan, mu nan muna riƙe da shi hannu bibbiyu. Dropati ta ɗaura farin zanen takaba ta koma aiki.

Wan mijinta, Bisun Dayal, shi ne shugaban kwamitin makaranta, shi ne kuma shugaban mawaƙa, tsakar gidansu ɗaya da ita. Mace ba ta yi wa wan mijinta magana kai tsaye, shi ma ba ya yi mata. In sun yi kiciɓis ta ja zane ta rufe kai ta ba shi hanya. Tun ranar da aka kawo ta gidan ba su taɓa ko gaisawa ba. Shi ya sa da Fagua ya matso aka kira ni ofishin hedimasta, Malam Peniasi, mutumin coci wanda ba ya son rigimar da ba tasa ba. Hannuna duk mai, na bar gulgula, irin ƙosanmu na fulawa mai zaƙi, a wuta, don a sami mai ɗaukar magana daga kujera zuwa kujera a ɗakin da bai kai kicin ɗina ba.

Bisun ya dubi bango ya ce, "Sarojni, ki gaya wa matar ƙanena ta huta da makon Fagua haka nan. Ga sabuwar malama, Shalini."

Na juya na faɗa mata, ko da yake kunnenta ya fi nawa kusa da bakinsa.

Kanta a rufe ta ce, "Ki tambayi Yaya, Shalini ta san waƙa ko ɗaya?"

"Ki ce tana da su a waya."

Na ce, "Yaya Bisun, wannan ba aike ba ne, tawa ce. Wayar ce za ta buga ganga?"

"Ke mai gulgula, an kira ki ki ɗauki magana, ba ki sa mata yaji ba."

Ya yi ta bayani yana kallon bango. Ya ce ba a daɗe da ƙone gawar ƙanensa aka zuba tokar a teku ba, ya ce tsohuwarsu tana gida tana kuka, ya ce da wane ido zai dubi mawaƙansa. Ita ta ce koyarwa daban, wasa daban. Malam Peniasi, da yake yana son ya koma ajinsa, ya kawo shawarar tsakiya: ta ba da labari, ta koyar da waƙa, ran Juma'a kuma ta tsaya a baranda kada launi ya taɓa ta. Bisun ya ƙara nasa. Ya ce in aka ga launi a jikinta, to ta bar makon nan gaba ɗaya, ba na bana kaɗai ba.

Ta ce, "Ki ce wa Yaya na yarda. Ɗigo ɗaya, na miƙa gangar."

Makon ya tafi kamar kullum, sai dai farin zanen. Ita da kanta ta gaya wa yara sharaɗin a gindin mangwaro, ba ta rage komai ba. Manyan 'yan aji takwas suka ɗauki abin da zafi, suka yi ta jan kunnen ƙanana.

Ran Juma'a ni da Shalini muka dama launin. Bisun ya zo da mawaƙansa kamar kowace shekara, suka shimfiɗa tabarma suka kama kiɗa. Goshin Malam Peniasi aka fara shafa wa. Dropati tana tsaye a barandar aji uku tana taya amshi, muryarta ta fi ta mazan fita. Yara suna guje-guje, masu bututun gora suna fesa wa masu faranti, amma in sun iso kusa da barandar sai su yi kwana kamar akwai rami a wurin.

Wata 'yar aji ɗaya, Litia, daga ƙauyen bakin kogi, aka watsa wa jan gari a ido. Ta fasa ihu, ta rufe ido, ta sheƙa a guje ta nufi muryar da ta sani. Daga rumfata na ƙwala wa Dropati kira. Ta ji ni, ta kuma ga yarinyar tun daga nesa. Ƙofar aji tana buɗe a bayanta, da ta so da ta shige. Sai ta durƙusa. Yarinyar ta faɗa ƙirjinta, ta ɗauke ta zuwa famfo ta yi ta wanke mata ido har ta buɗe. Da ta miƙe, zanen ya yi ja daga ƙirji zuwa gwiwa, ga shatin ɗan hannu kore a kafaɗa.

Bisun bai tsayar da kiɗa ba sai da waƙar ta kai ƙarshe. Sannan ya taso ya zo rumfata.

"Sarojni, ki je ki ce wa..."

Na ce, "Man nan ba ya jira, Yaya Bisun. Yau ba na aike. Ga ta can, ga bakinka."

Ya ɗauki gulgula ɗaya ya ci, ya tafi. Daga baya na ji ya nemi matarsa ta kai saƙon, ta ce ciwon kai take yi. Malam Peniasi kuwa ya ce shi gari ya cika masa ido, bai ga komai ba. Ban ji Bisun ya ƙara neman kowa ba. Ni a lissafina magana ta mutu ke nan.

Ran Litinin da safe sai ga Dropati ta wuce rumfata da ganga a hammata, ta kai ajin Shalini ta ajiye a kan tebur. Na bi ta na faɗa mata abin da ke bakina, kuma ban tausasa ba. Na ce babu wanda ya aiko mata da komai, na ce mutumin da ba zai iya buɗe baki ya yi mata magana ba ina ya ga ikon karɓe mata aiki. Ta bari na gama, ta ce yara sun ji da kunnensu ta ce ɗigo ɗaya.

An yi makonni, Bisun ya zo rumfata da rana tsaka, babu kowa. Ya yi ta zagaye kan farashin rake da ruwan sama, sannan ya ce in gaya wa matar ƙanensa cewa ranar nan shi ganga yake kallo, bai ɗaga kai ba. Wannan aiken na kai, da gudu ma. Tana goge allo ta saurare ni.

Ta ce, "Ki ce wa Yaya na gode. Ki ce ni na gani."

Yanzu Shalini ke yin makon. Ba laifi, ta koyi waƙoƙi kaɗan, sauran tana kunnawa a waya. Dropati tana nan da aji uku. Ranar Juma'ar Fagua takan nemi izini ta hau bas zuwa Labasa, ta ce haƙori ke damunta. Haƙoranta lafiya lau.