Ba-Wuta ta Goggo Asabe

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Goggo Asabe a Ƙofar Dumi ya san ba a zuwa mata da abu mai nauyi. Kafin ta amsa gaisuwa ta karɓe shi ta jinjina a hannu. In ya yi mata, to, ka yi sallama da shi sai la'asar, don zai hau kan farantinta ya yi danni.

Abin da ake dannewa kun san shi. Ots, hatsin Turawan nan na gwangwani, markaɗaɗɗiyar gyaɗa, dakakken dabino, busasshen mangwaro, riɗi da zuma. Ta cuɗa, ta shimfiɗa a faranti, ta danne, ta tura gindin randa, in ya kama jikinsa ta yanka dogo-dogo. Wajen ƙawarta Maman Rifkatu, matar wani soja a Shadawanka, ta gano shi, ta raɗa masa suna Ba-wuta.

Shi ya sa har yau raina a ɓace yake da abin da aka yi ran sadakar ukunta. Anti Zainab ta taso daga GRA da tire cike da wani abu ƙonanne, wai ta gasa na Goggo a obin, wai ainihin sunansa giranola. Kuka karɓa kuna yabawa, yana zubar muku a cinya kamar yashi. Matar nan kwana uku kacal a ƙasa, an kai abinta wuta, an sauya masa suna!

Kun manta ranar da Kawu Sale ya ce zai ƙure ta? Ya ce ai gyaɗar ma sai da aka soya kafin a markaɗa, ina rashin wutar? Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"A gidan wasu aka soya, Sale. Su za a tambaya."

Ko ranar da mai markaɗe ta aiko mata da tunkuza, wadda aka riga aka matse wa mai? Goggo ta yafa mayafi ta taka da ƙafa, da ciwon gwiwarta, ta mayar. Ta ce gyaɗar da aka ƙwace wa manta ba ta riƙe kowa, ko kanta. Ita kuwa Anti Zainab, na ɗanɗana, tunkuza ta sa.

Amma in don haushi ne, nawa ya fi na kowa, kuma da kaina nake ji. Shekara shida ina ɗakinta ban taɓa tambayar awo ba. Hankalina na kan littattafan soyayya, ina jiran wani mai farar mota ya tsaya a lungunmu da ko Keke Napep ba ya shiga. Littattafan nan guda tara ta ƙwace, ta ɗaure da tsumma, suka zama madanninta na dindindin. Da na yi kuka ta ce in yi shiru, yau dai soyayya ta yi wa wani amfani.

Na goma kuma ta ce in riƙa karanta mata tana cuɗawa. Ba ta bar saurayin ciki ya huta ba.

"Shi wannan ba shi da sana'a ne, sai tsayuwa a ƙofar gidan mutane? Wuce, wuce. Ina ya tsaya?"

Jiya na ce ko don Anti Zainab sai na yi na sadakar arba'in. Sau biyu yana wargajewa. Na zauna ina huci, sai idona ya faɗa kan littafin nan na goma, duk bangonsa maiƙo. Na buɗe, na soma karantawa da ƙarfi ni kaɗai ina cuɗawa. Sai ga shi yana dawo mini: tana zuba zuma daidai inda yarinyar ta ƙi karɓar wasiƙa, ba ta cire hannu sai an gama babi na biyu. Ashe ni ce agogonta.

Na danne da guda taran nan. Da la'asar wuƙa ta shiga, ko ɓarɓashi bai faɗi ba.

Ran arba'in za ku ci Ba-wuta, da sunansa. Wanda ya ce giranola ya ajiye.

Allah, baiwarka Asabe ta ƙi wuta a duniya ko a kan faranti. Ka nesanta ta da ita a can, Ka sanyaya mata makwanci kamar gindin randarta. Amin.