Telan Layinmu da Hannun Rigar Mai Takobi

Telan layinmu ya shekara bakwai yana nazarin wani mai takobi na littattafan zanen Japan. Shi ya gano hannun rigar jarumin na hagu ya ɗara na dama, ya ce can ƙarfinsa yake ɓoye. Na kai masa yadin da zan sa a auren jikata, amma kullum sai ya ajiye almakashi ya auna hoto.

"Baba, duba! Inci guda cur. Wa zai yi haka a banza?"

Ana jibi biki, aka ji labarin mai zanen jarumin ya ce kuskure ne kawai. Na ce to, a yanka yadina.

"Tsorata shi aka yi, Baba. Zauna ka ji."

Na zauna na ji. Da na koma gida, na ce a wanke min tsohuwar rigata.