Wata Shida a Jere

Mijina wankan tsofaffi yake yi a Turai. Mutanen Unguwar Boro sun ɗauka a ofis yake, ni kuma ban taɓa gyara musu ba, don ba su suka aure shi ba. Ya daɗe can har ya sami takardar zama, sannan ya zo hutu muka yi aure, ya yi sati uku ya koma. Ya bar ni gidansu tare da iyayensa, da alkawarin cewa kafin shekara ta zagayo ina can.

Ni a tunanina aure aure ne. Fasto ya ɗaura, kotu ta ba da takarda, wa kuma ya rage? Ashe ƙasar da yake ba ruwanta da wannan. Kafin ta bar mutum ya kawo matarsa, sai ya nuna zai iya riƙe ta. Akwai albashin da suka yanke, kuma sai ya kawo takardar biya ta wata shida a jere, ba watan da ya gaza. Nasa da ƙyar yake kaiwa, sai ya haɗa da aikin Asabar. Ranar da ya yi mini bayani dariya na yi, na ce ni da nake koyarwa a firamare tun ina budurwa, ban taɓa kwana da yunwa ba, yau ake tambaya ko za a iya ciyar da ni. Ya ce albashina na nan ba ya cikin abin da suke dubawa.

Muka fara jira. Duk ƙarshen wata ya turo mini hoton takardar a waya, in duba, in gode wa Allah. A wata na huɗu rawar kai ta ɗebe ni, na ajiye aiki, na raba wa ƙannena tukwanena, na shiga gwanjo na sayi rigunan sanyi har uku.

Muna cikin wata na biyar Baba, surukina, ya rasu.

A wajenmu ba a gaggawar binne babba. Ana kai shi mutuware, dangi su zauna su sa rana, a ɗinka anko, a buga ɗan littafi mai hotonsa, sannan a kai shi ƙauye. Kuma ɗan fari ne yake fara zuba ƙasa a kabari. Mijina shi ne ɗan fari.

Ranar zaman dangi ina raba ruwa na ji ƙanen Baba, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, ya sa rana nan da sati uku, wai kada damina ta ɓata hanyar ƙauye. Sati shida kacal ya rage mana wata shidan su cika. Na taɓa ganin gawar da aka ajiye wata uku don kawai a gama rufin gida, da an ƙara kwanaki ba wanda zai ce komai. Amma matar ɗa ba ta sa baki a ranar binne uban miji. Na ɗauki tirena na koma kicin.

Da la'asar mijina ya kira. Ina zaune kan tabarma, Mama surukata tana gefena, matan zumuntar coci sun cika tsakar gida. Ya ce, “Hutuna na shekara na cinye shi a bikinmu. In na zo ba za su biya ni kwanakin ba, watan zai lalace. In zo?”

Zuciyata tana ihu kada ya zo. Mama ta ɗago idonta da ya kumbura tana kallona. Na ce, “Ka zo mana. Baba ne fa.”

Ya zo, ya yi sati biyu. Ba zan ɓoye ba, ana kuka ni ina jin daɗin ganinsa, har kunyar kaina na ji. Da ya koma, takardar watan ta fito rabi.

Baba Ƙarami ne ya kwantar mana da hankali. Ya ce, “Haba 'yata, Turawan nan ba mutane ba ne? Ba su da iyaye? A rubuta musu kawai mutuwa aka yi.” Ni ma na yarda, don a nan kowa yana jin wannan magana. Ka ce an yi maka rasuwa, hedimasta ya ba ka kwanaki, mai gidan haya ya ɗaga maka ƙafa, ɗan sanda ma a hanya ya ce Allah ya ba da haƙuri, wuce. Muka haɗa wasiƙar Fasto, da ta dagacin ƙauye, da littafin jana'iza, da hoton mijina sanye da anko yana zuba ƙasa. Na je Abuja aka ɗauki hoton yatsuna, aka duba ƙirjina, na dawo ina jira.

Amsar ta zo ta waya, shafi biyu. Ba su ce ƙarya muke yi ba. Sun ce sun ga shaidar rasuwar, amma wata ɗaya ya gaza, saboda haka ba su ba ni biza ba. Na karanta ya fi sau goma ina neman wanda zan roƙa. Da a nan ne, da na nemo wanda ya san wani, na je na durƙusa, na yi kuka har a ji tausayina. Wannan kuwa ko sunan wanda ya rubuta babu. Na yi fushi da Baba Ƙarami, na yi fushi da mijina da ya tambaye ni a gaban mutane, na fi fushi da bakina. Ba wanda na iya gaya wa.

Muka ce mu sake daga farko. Kafin mu kai ko'ina suka ɗaga albashin da ake bukata, na mijina ya koma bai isa ba ko da Asabar da Lahadi. Sai da ya fi shekara kafin ya sami aiki na biyu, ɗaukar kaya a wani sito. Ni kuma na koma makaranta na tarar an ba wata ajina, na dawo ina koya wa 'ya'yan maƙwabta karatu a baranda. In na fita sayen kayan miya, mai tumatir ta ce, “Madam Turai, har yanzu kina tare da mu?” In yi murmushi in ce jirgin ne bai cika ba.

Bana ayyukan biyu suka kai, muka sake fara ƙirga. A wata na huɗu hawan jinin Mama ya tashi, ƙafarta ɗaya ta daina ɗaukarta. Ni nake dafa mata abinci ba gishiri, ni nake kai ta asibiti a keke, maganinta ko minti ɗaya ba na bari ya wuce. In ta yi tari a ɗaki, na saki abin da ke hannuna na ruga. A coci har misali ake yi da ni, wai ga suruka ta gari. Ina son Mama, Allah ya sani. Amma na san abin da nake tsoro, kuma duk addu'ar da na yi mata sai na ji ta gauraye da tawa bukatar.

Wata ranar Talata ina shafa mata man zafi a ƙafa, ta ce, “Saura wata nawa?”

Na ce, “Na me, Mama?”

Ta ce, “Kar ki mai da ni yarinya. Saura nawa?”

Na ce biyu.

Ta kalli silin ta ce, “Zan yi ƙoƙari. In kuma ban kai ba, ku sa ni a firjin asibiti ku yi shiru. Na gaya wa Baba Ƙarami, ba mai kiran ɗana sai watan ya cika. Ni ba na sauri.”

Na buɗe baki in ce mata Allah ya kiyaye, ta daina irin wannan magana. Abin da ya fito shi ne, “To, Mama.”