Garkuwar da Dattijo Ya Sa Na Ƙera

Akwai aikin da aka taɓa kawo mini wanda har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba. Ni maƙeri ne a Danja, fartanya da garma da lauje su ne abincina. A shekarar da abin ya faru ɓarayin daji sun matsa wa ƙauyukanmu, mutum ya tafi gona ba a da tabbacin dawowarsa, kowa kuma kallon kowa yake yi.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya zo ya tsaya gefe har sai da mutane suka ragu. Sannan ya tsuguna kusa da zugazugi ya fito da waya, ya nuna mini hoton wani gajeren takobi mai faɗi, ba irin namu ba, da garkuwa doguwa kamar ƙyauren ɗaki.

Ya ce, "Irin waɗannan nake so, da yawa. Garkuwar da ƙarfen durom za ka yi ta."

Na ce, "Baba, me za a yi da su?"

Ya ce, "Kai dai yi aikinka, ɗana."

Da na tambayi garinsu, cewa kawai ya yi ta wajen Maska.  Wane manomi ne ke sayen takubba a ɓoye?

Na kai maganar wurin yayana, wanda maharbi ne kuma yana cikin 'yan sintiri. Ko gama ji bai yi ba ya ce, "Ɗan aiken ɓarayi ne, bari in tara mutane." Na roƙe shi ya dakata, domin na taɓa ganin abin da ake yi wa wanda aka kira infoma, wato mai kai wa ɓarayi labari, kafin a gama tambaya an gama da shi. Muka shirya in ƙera takobi ɗaya da garkuwa ɗaya in kai da kaina, shi kuma ya ɗauke ni a babur da bindigarsa ta toka.

Da dattijon ya dawo na ce ni zan kai masa har gida, sai ya ɓata rai, da ƙyar ya yarda. Wannan ya ƙara mini zargi. Muka bi bayan babur ɗinsa ta wata siririyar hanya, dawa ta rufe mu hagu da dama. Muna isa ƙauyen muka hangi samari a bayan wani gida, sun jeru riƙe da sanduna da fallayen kwanon rufi. Yaya ya mintsine ni ya ce, "Ka gani ko?"

Dattijon ya shigar da mu zaure. Ina jiran ganin makamai, sai ga 'yar talabijin da batirin sola. Ya kunna wani tsohon fim da launinsa duk ya koɗe: Turawa masu faɗin ƙirji, da gajerun riguna, da takalman fata ɗaure har ƙwauri. Ya ce finafinan Italiya ne na zamanin da, waɗanda yake kallo a silima a Funtua lokacin yana saurayi, kwanan nan ya sa aka tura masa su a waya.

Ya ce, "Ku duba nan da kyau."

Mahara ne a kan dawakai suka afka wa wani ƙauye. Wani ƙato ya tara manoma, suka haɗa garkuwoyinsu suka zama kamar katanga, kibau na zuba ba sa ratsawa.

Ya ce, "Babban ɗana a gonarsa suka kashe shi. Ba wanda ya kawo mana ɗauki. Waɗannan na cikin fim ɗin ma manoma ne kamarmu. Na ɓoye ne don kada labari ya kai daji."

Yaya ya miƙe. Ya ɗauki garkuwar da na ƙera ya fita, ya jingina ta da kuka, ya ce kowa ya ja baya, ya saki wuta. Da hayaƙi ya lafa, sai ga rana tana leƙowa ta jikin ƙarfen.

Ya ce, "Baba, wannan ta toka ce fa. Ka kuwa san irin ta ɓarayin."

Dattijon ya sa yatsa cikin hujin ya daɗe a tsugune. Can ya ɗago ya dubi samarin, har da ƙaramin ɗansa a cikinsu, ya ce, "Ku ajiye kwanon nan, ku koma gida."  Kafin mu tafi, Yaya ya zauna da su ya tsara musu fita gona a ƙungiya, da mai gadi a kan bishiya, ya kuma haɗa su da 'yan sintirin yankinsu.

Har yau nakan tuna cewa da na bari an tara mutane, da an kashe uba mai makoki. Da kuma na yi shiru na ƙera abin da ya ce, da ni na tura 'ya'yan mutane gaban bindiga da ƙarfen durom. Tun daga ranar, in zuciyata ta zargi mutum, ba na yaɗawa kuma ba na kau da kai. Takawa nake yi in je in gani da idona.